Ruwan Shayin da Na Zuba a Kan Ƙanwata

Shekaranjiya 'yata ta ɗora shayi a wuta ta koma gefe tana latse-latsen waya, ta manta da shi har ruwan ya kusa ƙonewa. Ina ɗaki ina ninke kaya sai warin ya iske ni, warin ganyen shayin da ya dahu ya wuce misali, mai ɗaci-ɗaci, haɗe da ƙanshin kanumfarin da take jefawa a ciki. Na fito da niyyar in wanke ta tas, amma da na leƙa tukunyar na ga ruwan ya yi baƙi ƙirin ya kama gefe, sai na fasa faɗan. Na nemi wuri na zauna. Ita ta ɗauka fushi ne, sai haƙuri take ba ni, ba ta san ni na riga na bar mata gidan ba. Ina can ƙauyenmu, arewa da Daura, a tsakar gidan da aka haife ni, ina 'yar shekara tara ko goma.

Bari in ba ka labarin yadda ya faru, mai karatu, don na daɗe ina ɗauke da shi, kuma ba ni ce gwarzuwar cikinsa ba.

Gidanmu ba babba ba ne. Akwai Baba, da Inna, da ni, da ƙanwata wadda a lokacin ba ta cika shekara biyu ba. Tsakanina da ita Inna ta haifi biyu ba su tsaya ba, shi ya sa kowa yake lallaɓa yarinyar nan. Sai kuma Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ɗakinta yake kusa da madafi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ga saurin tafiya, ga baki. Ba mai kitso ba ce, ba kuma mai magani ba, amma duk ranar Alhamis da hantsi sai ka ga matan maƙwabta suna shigowa da tsefaffen kai, kowace da ƙoƙonta, don ita ce ta san abin da ake wanke gashi da shi. Ta wanke musu ranar Alhamis, a kitse da yamma, Juma'a ta same su fes.

Duk kayan aikinta daga madafi suke fitowa. Karkashin da za a kaɗa miya da shi, shi take jiƙawa har ya yi yauƙi ta murje kai da shi, gashi ya yi laushi mataji ya wuce ba gardama. Wannan na kowa ne, ba ya taɓa launi. Amma akwai ruwan ɗauraya da take yi wa wadda ta roƙa, kuma a nan gwanintarta take. 'Yan mata sun fi son ruwan zoɓo. In kina inuwa ba wanda zai ga komai, amma da kin fita rana sai wani ja-ja ya riƙa wulgawa a kan kitson, ya yi kwana uku ko huɗu ya tafi. Ɓawon albasa kuwa in an tafasa shi, baƙin gashi bai san an yi ba, furfura ce take shan sa ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. Lemun tsami tana taka-tsantsan da shi, ta ce in an sa shi aka zauna a rana yana kashe baƙin gashi ya bar shi a bushe.

Ina tuna wata amarya a maƙwabtanmu da aka ce mata ruwan kanwa yana miƙar da gashi. Ta jiƙa kanwa mai kauri ta yi ta wanke kai da ita har sau uku, ba ta tambayi kowa ba. Ranar da ta shigo gidanmu ta cire ɗankwali, kanta ya yi ja kamar gemun masara, yana kakkaryewa. Kaka ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tambaye ta ko wake ta ɗauki kan nata da za ta dafa shi da kanwa. Bayan ta gama dariyar ta zaunar da ita, ta ɗauraye mata da ruwan tsamiya, ta cika kan da man shanu, ta ce ta je ta yi haƙuri sai sabo ya fito. Ina tsugune ina kallo, kuma abin da na ɗauka a ranar shi ne, launin gashi maganar ruwa ce kawai: wani ruwan ya ja da shi, wani ya mayar da shi baƙi.

Ruwan baƙin shi ne nata na kanta. Tana da wata 'yar tukunyar ƙasa a bayan ƙofarta, a ciki akwai guntun tsohuwar fartanya da ta yi tsatsa. Duk ganyen shayin da Baba ya sha ya zubar sai ta tattara, ta ƙara da ɗan sabo in ta samu, ta tafasa da kanumfari har ya yi kauri, ta juye a kan ƙarfen nan ta rufe kwana uku. Ruwan da ke fitowa baƙi ne kamar tawadar allo. Da shi take bin furfurarta, ta zauna a rana ya bushe, ta tashi ta koma yarinya a gaban goshi. In an tsokane ta sai ta ce ita ba ta shirya tsufa ba tukuna, in ta shirya za ta aika a faɗa wa mutane.

Doka ɗaya take da ita wadda ba ta ɗaga wa kowa. Yaron da bai yi famfara ba, wato haƙoransa na nono ba su zube ba, ba a sa masa komai a ka sai karkashi da farin ruwa. Ko zoɓon nan da ba ya daɗewa ba ta yarda. Na sha ganin uwa ta roƙe ta a ɗan gyara wa 'yarta kai saboda biki, ta ce a'a, ta ci gaba da abin da take yi. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce in na girma na sani. Ni kuwa da yake tun ina ƙarama ba na son a ce mini haka, sai na yanke wa kaina hukunci cewa rowa ce kawai, ba ta son ganyen shayinta ya ƙare.

Daminar da ta wuce kafin wannan shekara ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar zuba ido, abin da aka kai rumbu bai taka kara ya karya ba. Tun bazara Baba ya fara auna hatsi da ƙaramin kwano. Ana cikin haka Inna ta samu ciki ƙanwata tana kan nono, dole aka yaye ta ba shiri. Kamar yadda aka saba, ɗakin Kaka aka kai ta yaye, kuma Kaka ta riƙe ta da kyau, tana tatsar mata nonon akuyarta tana dama mata kunu da shi. Ba a yi wata guda ba sai ga saƙo daga tsallaken iyaka cewa gwaggona ta haihu da ƙyar, ba ta da mai yi mata wankan jego. Kaka ta ɗaure ƙunshinta, Baba ya raka ta har Kongolam a bakin iyaka, ta ce kwana arba'in za ta yi. Jikin gwaggo ya ƙi daɗi, ruwa kuma ya sauka, kwana arba'in ya zama wata uku.

Inna tana kwance da laulayi, ko warin miya ba ta so. Yarinya ta dawo hannuna. Ni ke goya ta, ni ke ba ta abinci, ni ke yi mata wanka. Akuyar ta daina ba da nono. Abin da ke gidan shi ne koko tsararo da safe, da rana a sake kokon, da yamma tuwon dawa da miyar kuka wadda daddawarta ma sai an lalubo. Zabin Baba suna ta zuba ƙwai a cikin ciyawa, don lokacinsu ne, amma ƙwan na kasuwa ne, kuma ko ba na kasuwa ba ne, a garinmu ba a ba yaro ƙwai, wai zai tashi da sata. Ba wanda ya ga laifin wannan, haka muka taso muka tarar.

A hankali kan ƙanwata ya fara canjawa. Da gashinta baƙi ne mai cika, har ana ɗan kama mata shi da zare. Sai ya fara yin ja daga gefe, ya yi laushi, ya miƙe, ya daina murɗewa. In na sauke ta daga goyo sai in ga silin gashi a zanena. Ranar da abin ya ƙona mini rai, a bakin rijiya ne. Wata mata ta ɗaga mata hula ta duba, ta juyo ta tambaye ni a gaban 'yan mata ko da kanwa nake wanke wa yarinya kai. Aka kwashe da dariya. Daga ranar 'yan uwana yara suka sa mata suna mai gemun masara. Ni jikar mai wanke kan gari guda, a ce ƙanwata ce ke yawo da jan kai, kuma a ce ni na ɓata shi! Na koma gida ina huci.

Akwai wata tsohuwa a bayan gidanmu, ƙawar Kaka, wadda ita ba dariya ta yi ba. Ta shigo har gida ta samu Baba ta ce kan yarinyar nan bai yi mata ba, a daure a kai ta asibiti a duba. Baba ba mai taurin kai ba ne. Ya ce to, ranar kasuwa mai zuwa in ya sayar da ƙwai zai ɗauke ta su shiga Daura. Na ji wannan magana da kunnena, kuma abin da na fahimta shi ne, saboda launin gashi za a kai ta. Na ce a raina, in dai wannan ne, ai maganin yana bayan ƙofar Kaka, me zai sa a wahalar da Baba?

Washegari da rana tsaka, Inna tana barci, Baba yana gona, na ɗauko tukunyar. Na tafasa ganyen shayi yadda na ga ana yi, na juye a kan ƙarfen, na ɓoye a bayan rumbu. Da ya kwana uku na zaunar da ƙanwata a kan cinyata na riƙa ɗiba da tsumma ina bin kanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ture hannuna ba, ta dai zauna. Gashin da ya yi laushi haka shan ruwan yake yi kamar auduga. A karo na farko ya yi duhu, a na uku ya zama baƙi sosai. Na shafa masa ɗan mai ya yi sheƙi, na goya ta na nufi bakin rijiya ba hula, ina tafe ina ɗaga kai.

A cikin kwanakin nan ne kuma kumatunta suka ciko, ƙafafunta suka yi ɓul-ɓul. Ga baƙin gashi ga kumatu, sai kowa ya ce yarinya ta murmure. Inna ta ɗago daga shimfiɗa ta dube ta ta yi hamdala, ta sa mini albarka, ta ce na iya reno. Tsohuwar nan ta bayan gida, da idonta dama ba ƙarfi gare shi ba, ta leƙo ta gani ta ce to madalla, ashe abin ya wuce. Ranar kasuwa ta zo, Baba ya tafi shi kaɗai. Ni kuwa daɗi ya cika ni, ina ganin na yi abin da manya suka kasa. Duk bayan kwana huɗu ko biyar sai in sake bi mata, kada jan ya leƙo.

Abin da ban faɗa wa kowa ba, don ban ɗauke shi komai ba, shi ne yarinyar ta daina dariya. Inda ka ajiye ta nan za ka dawo ka same ta. Koko in na kai mata baki sai ta kau da kai, ta yi wani siririn kuka mara ƙarfi ta yi shiru. Da can in na goya ta sai ta yi ta ja mini kunne, yanzu sai ta kwantar da kai kawai. Na ce ta yi hankali ne. Haka muka yi kusan mako uku.

Kaka ta dawo gero yana fitar da kai, wata ranar Laraba bayan azahar. Tun daga zaure muka ji muryarta tana faɗan wanda ya ɗauko ta ya bi da ita ta cikin taɓo. Aka yi ta murna, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Ba ta sha ba ta ce a miƙo mata 'yar yayenta. Inna tana ba ta labarin yadda yarinya ta ɗan yi rashin lafiya ta warke, har ta yi ƙiba. Kaka ta karɓe ta, ta ɗaga ta sama kaɗan kamar mai auna nauyi, ta sunkuya ta sansana kanta. Sai ta ɗago ta dube ni. Ba fuskata ta duba ba, hannuna ta duba, inda baƙin ya kama gefen farce ya ƙi fita. Na mayar da hannun baya, amma ta riga ta gani.

Ta ce a jiƙo mata tsamiya, a kawo lemun tsami in akwai. Ta kwantar da yarinyar a cinyarta ta fara wanke kan a hankali, ruwa mai duhu yana gangarowa cikin ƙwarya. Ashe tsami yana karya baƙin shayi da ƙarfe, ni ban sani ba. Kafin ta ɗauraye na uku, jan ya fito fili, ya ma fi yadda na san shi, ya yi fari-fari a wasu wuraren, ga fatar kai ana gani. Kaka ta kama ƙafar yarinyar ta danna babban yatsanta a kan ƙafar, ta ɗauke. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Ta yi salati a hankali.

Baba ya shigo daga gona a daidai lokacin, fartanya a kafaɗa. Kaka ta ce da shi, "Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Yunwa ce ta ci yarinyar nan a gabanku. Ajiye fartanyar ka nemo mana mota yau, kada ka ce mini gobe."

Baba ya dubi ƙwaryar baƙin ruwan, ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na jingina da bango ina jiran a nuna ni. Kaka ba ta ko waiwayo inda nake ba.

Ta ce, "Tukunyata ce. Ni na bar ta inda hannu zai kai, kuma ni ce na yi shekaru ina hanawa ban taɓa buɗe baki na faɗi dalili ba. In faɗa za ka yi, ga ni. In kuwa 'yarka kake so, tafi neman mota."

Baba ya juya ya fita. Na tabbata ya gane, don gidan ba wani mai hannun da zai kai in ba ni ba, amma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Kafin la'asar sakaliya muna bakin titi. Kaka ta ce da ni za a tafi, Inna ta zauna saboda cikinta. Wata motar ɗaukar kaya da ta fito daga Mai'adua ta tsaya mana, muka zauna a kan buhuna, Kaka ta rungume yarinyar a cikin mayafinta. Wannan ne zuwana Daura na farko, garin da na daɗe ina mafarkin gani, amma ban ga komai ba sai tafin ƙafar ƙanwata da ke leƙowa daga mayafi. A asibiti aka karɓe ta nan da nan. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta ce tamowa ce, kuma da an ƙara 'yan kwanaki da sai dai haƙuri. Ta tambaya me ya sa ba a kawo ta da wuri ba, tunda kanta kaɗai ya isa ya nuna. Kaka ta ce kuskure aka yi, ba ta ƙara ko kalma ba.

Mun yi kusan mako uku a can. Wata 'yar uwar Kaka da ke zaune kusa da rijiyar Kusugu ita ke aiko mana da abinci. Yarinyar kuwa wata madara ake haɗa mata, a ba ta kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, don an ce in aka cika mata ciki lokaci guda zai yi mata illa. Kaka ta ce ni zan riƙa ba ta. Ma'aikatan suka ce ai ni yarinya ce, Kaka ta ce ta sani, a dai nuna mini. Haka na zauna da ƙaramin cokali ina ɗiga mata a baki, rabi ya shiga rabi ya dawo, in goge in sake.

A rana ta uku kumburin ya fara saɓewa, sai ainihin jikinta ya fito. Ashe babu komai a ƙarƙashin kumatun nan da ake yaba mini, fata ce da ƙashi. Da na gani na fita baranda na fashe da kuka. Kaka ta biyo ni ta zauna kusa da ni, ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta yi mini bayanin da ta ce tun tuni ya kamata ta yi. Ta ce babba in ba shi da lafiya zai faɗa da bakinsa, yaro kuwa ba shi da bakin, sai jikinsa ya faɗa, kuma gashi yana cikin masu fara magana. Ta ce jan kanwa daga waje yake, shi ya sa ake gyara shi daga waje, amma jan da ya fito da kansa a kan yaro daga ciki yake, kira ne yake yi a zo a duba. Shi ya sa ba ta yarda a rufe shi da komai.

Na tambaye ta, "Kaka, mutuwa za ta yi?"

Ta ce, "Ban sani ba, 'yar nan. Allah ne ya sani. Tashi ki wanke fuska, lokacin cokali ya yi."

Ban taɓa gode wa wata amsa kamar wannan ba, ko da yake a lokacin ta yi mini zafi. Ba ta yi mini ƙarya ba, ba ta kuma bar ni na zauna da laifina hannu rabbana ba. Ta ba ni abin yi. A cikin mako na biyu, wata safiya ina ba ta madarar, ƙanwata ta kama cokalin da hannunta ta ja shi zuwa bakinta. Bayan kwana biyu ta miƙa hannu ta ja mini kunne. Na yi ta dariya ina hawaye har matan gadon kusa suka ɗauka wani abu ne ya same ni.

Da muka koma gida Kaka ta karɓe madafi. Ta daka ƙuli-ƙuli ta riƙa zubawa a koko, ta dama kunun gyaɗa, ta dafa wake ya yi lugub ta murje shi da zogale. Sannan ta shiga ciyawa da kanta ta kwaso ƙwan zabi ta dafa ta ɓare wa yarinya a tsakar gida, kowa yana gani. Baba ya ɗan yi gyaran murya ya tuna mata abin da ake faɗa a kan ƙwai. Ta ce in yarinyar ta girma ta yi satar a zo a kama ta ita, ta yarda. Daga ranar ƙwai biyu ba sa zuwa kasuwa, kuma kafin shekara ta zagayo wasu gidajen ma sun fara bin sahu a ɓoye.

Inna ta so a aske jan gashin don ta daina ganinsa, Kaka ta ce a bar shi tukuna. Bayan an gama girbi, wata Alhamis da hantsi, ta gama wanke wa ƙanwata kai da karkashi sai ta kira ni. Ta juya yarinyar wajen rana, ta tsaga gashin da yatsa biyu. Sama ja ne har yanzu, amma a gindi, kusa da fata, akwai baƙi kamar faɗin farce, mai ƙarfi, yana murɗewa. Ta ɗebo ruwan tsamiya ta zuba a wurin ta murza da kyau, ta ce in duba. Bai motsa ba. Ta ce wannan shi ne wanda cokali ya yi. Ranar ce na fara barci ba nauyi a ƙirjina tun dawowarta.

Yau shekaru sun ja. Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Ni ina aure a cikin Daura, kuma ba wanda ke tara ganyen shayi a tukunyar ƙasa yanzu. Baƙin gashi a kwali ake sayar da shi a kowane shago, wani ma in an sa sai ya yi wata biyu bai gushe ba. Abin dariya, 'yata takan zo ta nuna mini a waya wai an gano shayi yana duhunta gashi, zoɓo yana ja da shi, lemun tsami yana haskaka shi, tana faɗa mini kamar sabon abu. Nakan ce mata haka ne, duk gaskiya ne, kuma ina yi wa maƙwabta in sun roƙa. Dokar Kaka dai na riƙe ta, sai dai ni ba na cewa in kin girma kya sani. Duk wadda na hana sai na zaunar da ita na faɗa mata dalili, ko tana sauri. A gidan suna kuma an san ni da ɗaga hular yaran mutane ina leƙawa, har wasu na cewa na cika shisshigi. Su faɗa, ba ya damuna.

Ƙanwata tana aure a Mai'adua, 'ya'yanta shida, ba ta kuma taɓa satar ko allura ba. Ta san labarin nan, don ni na ba ta da bakina, kuma ta mayar da shi abin tsokana. Watan jiya ta hau babur ta zo in yi mata kitso. Da ta cire ɗankwali na ga furfura ta fito mata a gaban goshi da gefen kunne, fara tas. Ta ce za su je biki, in taimaka in bi mata da ruwan shayin nan.

Ta ce, "Ai ke, Yaya, kin saba da kan nan, ba yau kika fara ba."

Na yi dariya, amma na ce mata a'a. Ta ce ga shi ina yi wa matan unguwa, sai ita 'yar uwata zan hana? Na ce kowa zan yi wa, ban da ita. Na ce da ita akwai lokacin da na zauna a barandar asibiti ban san ko za ta kai Juma'a ba, balle ta kai ga furfura, kuma shekara arba'in ke nan ina jiran in ga wannan farin a kanta, ba zan rufe shi da hannuna ba.

Sai ta gyara zama a tsakanin ƙafafuna ta miƙo mini mataji ta baya, na tsaga gashin na fara kitso.